Jerin Sunaye Biyu a Bakin Binuwai

Ban ajiye wani rubutu nawa na kaina ba lokacin da waɗannan abubuwa ke faruwa, sai takardun aiki, su kuwa takardun aiki ba sa faɗin abin da ke ran mutum. Saboda haka mai yiwuwa wasu wuraren sun cakuɗe mini. Ina iya sa maganar wani a bakin wani, ko in ɗauko abin da ya faru da bazara in ajiye shi a farkon damina. Inda nake da tabbaci zan faɗa, inda ba ni da shi ma zan faɗa.

Duk wanda ya san Garwa ya san tsofaffin sito ɗin da ke bakin Binuwai, inda jiragen ruwa ke tsayawa a da idan ruwa ya cika, su sauke gishiri da atamfa, su ɗauki gyaɗa da auduga. Mu da muka taso daga baya ba mu ga jiragen ba. Mun dai ga ginin, kwanon rufinsa ya yi tsatsa, awaki na kwance a inuwarsa, masu ɗiban yashi na jingina shebur a bangonsa. A ɗaya daga cikin sito ɗin ne wasu dattawan gari suka yi shawarar a yi gidan tarihi, da zauren taro a gefensa inda za a riƙa wasanni da koyar da saƙa da rini, da ɗan lambu da zai gangara har bakin ruwa. Wata gidauniya ta ƙasar waje ta ce za ta ɗauki kaso mafi girma na kuɗin, amma sai mutanen gari sun fara tara nasu kason, don a ga cewa da gaske suna so.

Ni a lokacin na dawo daga jami'a da digirina na lisans a fannin tarihi, ina ta ajiye dosiye, wato takardun neman aiki, a ofisoshi ba amsa. Shugaban kwamitin, wani tsohon daraktan makaranta da ya koyar da ni a firamare, ya kira ni in zama sakatare, ba albashi. Ya ce mini, kuma wannan ina da tabbaci a kai, idan gidan ya tashi za a buƙaci mutum guda da zai riƙe makulli ya kula da kayan, gidauniyar za ta biya shi, kuma kwamiti ne zai zaɓe shi. Bai ce ni ne ba. Amma ya dube ni lokacin da yake faɗa, ko kuwa ni ne na ga kamar ya dube ni. Daga ranar na sa kujerar nan a raina, ina kwana da ita ina tashi da ita.

Na yi aiki, wannan ba wanda zai musa. Na auna bangon sito da kaina. Na bi tsofaffin masunta da matuƙan kwalekwale ina tambayarsu iyakar inda ruwa ke kaiwa a shekarar da ya fi cika. Na je har garin Ngong wajen wata tsohuwa da aka ce tana da zanen saƙi na kakarta, ta nuna mini ta mayar cikin kwalla. Na rubuta duk wannan da Faransanci mai tsabta, na karanta sau uku kafin in kai wa darakta.

Taubashina ya shigo kwamitin ne ta hanyar da har yanzu take ba ni haushi idan na tuna. Ɗan kawuna ne, yayan mahaifiyata, sa'ana ne, watanni kaɗan ne tsakaninmu. Ya bar makaranta tun a kolej, yana sayar da kayan gyaran babur a wani ɗan shago a unguwar Rumde Ajiya. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, tun muna yara "bawana" yake ce mini. Wata rana bayan la'asar ya zo ɗaukata a babur daga wurin taro, ya tarar ba mu gama ba, ya zauna a bakin ƙofa. Kafin a tashi ya sa darakta dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. A taro na gaba na ga an ajiye masa kujera.

"Me ka sani game da gidan tarihi?" na tambaye shi a kan babur.

"Ba ɗakin ajiye tsofaffin kaya ba ne? Ai shagona ma haka yake. Riƙe ni da kyau, bawana, kada iska ta kwashe ka kai da dosiyenka."

Gidauniyar ta aiko mana da wani ɗan littafi kan yadda ake tara gudummawa. A ciki an ce a jera masu bayarwa bisa ƙarfinsu, a fara da wanda ya fi iyawa, don abin da ya bayar ya zama ma'auni ga sauran. Na ga hikima a ciki. Na zauna na jera 'yan kasuwar garin: masu manyan motocin da ke zuwa Kusiri, dillalan shanu, masu sito na siminti, masu kawo shinkafa daga Yagwa. Na rubuta wa kowa wasiƙa, na buga hatimi, na kai da hannuna, na fara daga sama.

Kowa ya karɓe ni da mutunci. An ba ni ruwa, an ba ni shayi, an yaba wa aikin, an yi mini addu'a. Mako ya wuce, wata ya wuce, ko dala ba ta shigo ba. Na sake duba wasiƙar ko akwai kuskure a Faransancin. Babu. Na fara tunanin ko in fassara ta zuwa Fulatanci.

Taubashina ne ya ce in ba shi jerin ya gani. Muna zaune a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidan darakta, zafin nan na bazara da ke sa mutum ya ji kamar kansa na dahuwa. Ya bi sunayen da yatsa har ƙasa, ya juya takardar, ya ga bayanta fari.

"Ina Baba?"

"Wane Baba?"

Ya faɗi sunan. Na san shi, kowa ya san shi. Tsohon fatoma ne na bakin ruwa, wato mai masaukin fatake a zamanin jirage. Yanzu ba shi da komai sai zaurensa da tabarmarsa da wata tsohuwar rediyo.

"Ban sa shi ba saboda ban so in ɗora masa nauyi," na ce. "Ba shi da hali."

Ya yi dariya har ya dafa cikinsa. "Kai! Malam Dosiye! Duk waɗannan da ka jera, uban wane ne bai kwana a zauren tsohon nan ba? Wanda ke saman takardarka, ubansa da buhu ɗaya na goro ya sauka a garin nan, Baba ne ya tsaya masa. Kana so ya buɗe jaka Baba bai buɗe ba? Ai ko masallaci za a gina, sai tsohon ya fara sa hannu. Shekara nawa ka yi kana karanta tarihi?"

Darakta yana jin mu daga ciki. Ya leƙo ya ce, "Wallahi gaskiyarsa. Ni ma na shafa'a." Da ya tsaya a nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa, "Yaron nan yana da kai."

Kashegari da hantsi muka je, ni da taubashina. Ya sayi goro fari masu kyau, ya sa an naɗe su a ganye, ya ce in bar jakata a gida. Ban bari ba. Mun tarar da tsohon a zaure, ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ɗaya ya yi fari. Taubashina ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, suka shiga gaisuwa da Fulatanci, lafiyar gida, lafiyar zafi, lafiyar jiki, kafin su koma Hausa. Tsohon ya tambaye shi ɗan wane ne, ya faɗa. Sai fuskarsa ta buɗe. Ashe ya san kakanmu, har sun taɓa kifewa a kwalekwale tare da lodin albasa, suka yi iyo albasa na bin su. Kakan nan nawa ne kamar yadda yake nasa. Amma da tsohon ya juyo gare ni, sai ya ce, "Wannan fa?"

"Bawana ne, Baba. Ɗan gwaggona."

"To, to. Ɗan mace. Allah ya yi albarka." Ya koma ga taubashina.

Sun fi awa guda suna hira, ba a ambaci kuɗi ba. Can sai taubashina ya ce an aiko mu ne neman izini da albarka, don ana so a gyara sito ɗin bakin ruwa a ajiye tarihin mutanen da suka yi aiki a wurin, kuma ba a taɓa bakin ruwa sai an zo nan.

"Na ji ana ta yawo da takardu a gari," in ji tsohon. "Na ce ko an manta hanyar gidan ne."

Taubashina ya ce, "Yara ne, Baba, suna share hanya kafin a iso."

Tsohon ya sa aka fito da wani sikeli daga cikin gida, irin mai sarƙa da duwatsun awo na ƙarfe, wanda ya yi shekaru yana auna gyaɗa da shi. Ya ce a kai gidan tarihin. Sannan ya ɗaga gefen tabarma ya ciro takardar kuɗi guda ɗaya, ƙarama, a ninke, ya miƙa. Na zura hannu cikin jaka zan ciro littafin rasit, taubashina ya danne mini gwiwa da ƙarfi har sai da na ji zafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, tsohon ya faɗa wa masu zuwa gaishe shi cewa ya sa hannu a aikin bakin ruwa. Daga ranar Asabar mutane suka fara zuwa da kansu. Kusan kowannensu, idan ya miƙo, sai ya rage murya ya ce mini, "Ka rubuta a littafinka, amma kada a ji nawa ne." A nan na gane sauran ƙa'idar. Kowa ya san sun fi tsohon bayarwa nesa ba kusa ba, amma muddin ba a faɗa ba, ba wanda ya wuce shi. Ina so a lura da wannan: na gane. Ba zan iya cewa daga baya ban sani ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a gare ni, ko da yake aiki na tafiya. Duk inda muka shiga da taubashina ake fara gaisawa. Gidan rediyo suka nemi wanda zai yi bayani da Fulatanci da Hausa, darakta ya tura shi. Na zauna a tsakar gidanmu ina jin muryarsa yana ba da labarin yadda jirage ke jiran cikar ruwa, da yadda masu dako ke waƙa idan suna sauke gishiri. Ni na tono waɗannan labarai, ni na ba shi su a kan babur. Kuma, in faɗi gaskiya, a bakinsa sun fi daɗi. Ni idan na faɗa sai na ce "ana zaton", "wasu sun ce", shi kuwa sai ka rantse yana wurin. Mahaifiyata ta bar tsintar shinkafa tana saurare, tana cewa, "Ɗan yayana ke nan! Bakin babanmu sak." Na tashi na shiga ɗaki na ce kaina ke ciwo.

Ban taɓa yi masa fatan sharri a fili ba, ko a cikin addu'a. Abin da nake yi shi ne lissafi. Nakan ce a raina, ba ya iya rubuta wasiƙar Faransanci layi biyar ba kuskure. Bai san bambancin zanen da aka rina da baba da wanda aka rina da garin rini na kanti ba. Na koma na karanta sharuɗɗan gidauniyar ina neman inda aka ce mai kula da gidan sai yana da digiri. Ba a ce ba. An ce wanda kwamiti ya amince da shi kuma jama'a suka yarda da shi. Na karanta jimlar har na haddace ta.

Wata rana bayan taro na ji darakta yana ce wa ma'ajin kwamiti, "Takarda ana iya samun mai rubutawa. Mutane ne ba a samun mai kawo su." Ban san ko a kan kujerar yake magana ba. Mai yiwuwa a kan wani abu ne daban. Amma ranar ban ci tuwo ba.

Da kason gari ya kusa cika, gidauniyar ta ce za ta turo wakiliyarta a yi bikin ɗora harsashin zauren taro. Kwamiti ya damƙa wa taubashina shirya bikin gaba ɗaya, rumfuna, kujeru, lasifika, abinci, da kiran sunayen waɗanda suka taimaka. Ya zo gidanmu ya zauna a kan tabarma, ya ce in ɗauko biro. Ya jero mini sunayen da ka, Baba a farko, sai sa'o'insa biyu da suka rage, sai 'ya'yan gidajen da suka fara sauka, har zuwa baƙin da suka zo garin kwanan nan. Ba adadi, suna kawai da addu'a. Ya daɗe yana tunani a kan mutum biyu, wa zai riga wa, har ya ce zai tambayi mahaifinsa.

"Ka buga mini shi da kyau, bawana, manyan baƙaƙe. Ranar ka ba mai shela. Ni zan kasance ina fama da masu rumfa."

Na buga. Amma akwai wani jerin kuma, wanda gidauniyar ta nema don rahotonta: sunaye da adadin abin da kowa ya bayar, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Shi ma na buga. Duka biyun na sa su a fayil guda, mai launin shuɗi. Na sha tambayar kaina me ya sa ban raba su ba, ni da nake raba rasit ɗin fetur da na fotokofi.

An yi bikin da safe, kafin rana ta yi zafi. Ruwa ya ja baya a lokacin, yashi ya fito, mata na wanki can ƙasa, kuma ina jin an ce an ga dorina a ƙetare, yara suna ta nunawa. An kawo Baba a mota, aka zaunar da shi a tsakiyar sahun gaba, ya sa wata tsohuwar babbar riga da aka yi wa bugu. An ajiye sikelinsa a kan tebur an lulluɓe da farin ƙyalle. Mai shelar ba ɗan gari ba ne. Wani saurayi ne mai kwat da ya zo tare da tawagar wakiliyar daga kudu, yana da murya mai kyau, bai san kowa ba.

Ya zo wurina ya ce, da Faransanci, an ce jerin sunaye na hannuna. Taubashina yana can bayan sito, janareta ya ƙi tashi. Na buɗe fayil ɗin. Takardar gidauniyar ce a sama.

Nan ne wurin da na fi so in faɗi daidai, kuma nan ne na fi shakka. Wani lokaci nakan tuna cewa ina sauri, wakiliyar na kirana, na zaro ta sama na miƙa ban duba ba. Wani lokaci kuma nakan ga idona a kan layin adadin da ke gefen dama, in ga babban yatsana ya ɗan tsaya a kan takarda ta biyu, sannan ya sake ta. Ina jin na biyun ne gaskiya. Abin da na tabbata shi ne, bayan na miƙa na sami kusan rabin awa kafin a zo kiran sunaye, ina zaune, fayil ɗin na kan cinyata, kuma ban tashi ba.

Mai shela ya kira sunan mai manyan motoci da farko, ya faɗi adadin da ƙarfi, ya ce a tafa. Tawagar wakiliyar ta tafa. Sahun gaba ba wanda ya motsa. Mutumin da aka kira ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da kayan wani. Tsofaffinmu da yawa ba sa jin Faransanci, amma babu ɗan kasuwar da bai san lissafi da shi ba. Aka ci gaba, suna da adadi, suna da adadi. Na ga taubashina ya fito daga bayan sito a guje, hannunsa duk baƙin mai, ya tsaya cak a gefen rumfa. An riga an yi nisa. In ya ƙwace lasifikar a gaban baƙi, abin zai fi muni. Ya dube ni daga can. Ni kuwa na dubi takalmina.

Sunan Baba ne na ƙarshe. Mai shelar ya karanta adadin, ya ɗan yi jim kamar yana zaton an manta wasu sifili, sannan ya ce kowace gudummawa tana da daraja. Wannan ta fi komai ciwo. Tsohon ya zauna har liman ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ce a kai shi gida. Bai jira an yaye ƙyallen sikelin ba. Sahun gaba ya bi shi ɗaya bayan ɗaya, aka bar kulolin shinkafa a rufe. Wakiliyar ta tambaye ni ko wata al'ada ce, na ce mata eh, dattawa ba sa daɗewa a rana.

Darakta ya tara mu a cikin sito. Kafin ya gama tambaya taubashina ya ce, "Laifina ne, Baba Darakta. Ni aka ba bikin, ban duba takardar ba." Ni kuwa na bar shi ya ɗauka.

Kwana da kwanaki taubashina yana rufe shagonsa da safe ya je ya zauna a zauren tsohon. An ce da farko tsohon ko gaisuwarsa ba ya amsawa sai da kai. Daga baya ya sauko. Amma wasu daga cikin 'yan kasuwar da suka yi alkawarin ciko ba su sake waiwayarmu ba, shi ya sa har yau zauren taron bango ne ba rufi, ciyawa na fitowa a cikinsa da damina. Sito ɗin dai an gyara shi da abin da ya samu.

Da aka zo zaɓen mai kula da gidan, ba a daɗe ana magana ba. Ma'aji ya ce abin da ya faru ya nuna ana buƙatar mutum mai lura da takarda, wanda ba ya miƙa abu sai ya duba. Kowa ya juyo ya dube ni. Darakta ya ba ni makulli a hannu, ya ce Allah ya taya riƙo.

Na zaci daga nan zuciyata za ta huta. Ba ta huta ba. Masu babur idan za su kwatanta wurin, da sunan taubashina suke kwatantawa, gidan tarihin wane. Tsoffin da ke kawo kaya, wata tsohuwar homa ta kamun kifi, wata ƙwaryar zuba nono, sai su tambaya ko yana nan, in ce ba ya nan, su ce to za su dawo. Har yadda ya ɗauki laifin nan ya zama abin yabonsa a gari, ana cewa yaro ne mai kunya, bai tsaya gardama ba. Na sami kaina ina kishinsa a kan laifin da ni na yi.

Sai bayan rasuwar Baba na iya zuwa shagonsa da maganar. Da rana ne, yana zaune a kan benci yana ware wasu ƙananan kusoshi a faranti. Na zauna. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce akwai yiwuwar ranar bikin na lura, ko da yake ba zan iya rantsewa ba, cewa takardar da na bayar ba ita ba ce.

"Kai dai ba ka iya faɗin abu kai tsaye ba," ya ce, bai ɗago ba. "Na sani tun ranar. Mutumin da ke karanta rasit ɗin burodi sau biyu?"

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In tsaya gaban darakta in ce ɗan gwaggona ne? Sannan in je in gaishe ta da wane baki?"

Sai na faɗi abin da na daɗe ina lallashin kaina da shi. Na ce, "Na san dai kai ba ka damu da kujerar ba. Kana da shagonka."

A nan ya ajiye farantin. "Wa ya ce maka? Na so aikin nan, bawana. Na so shi ƙwarai. Na gaji da warin giris. Har na fara koyon rubuta wasiƙa wajen wani malami, ina biyansa, don kada in ba ka kunya idan an ba ni." Ya ɗauki tsumma ya goge hannu. "Da na samu, da kai zan riƙe a ofis. Wa zai rubuta wa Turawan nan rahoto? Ni?"

Wani ya tsaya da babur yana neman birki, ya tashi ya sallame shi. Da ya dawo ya ce in zan koma bakin ruwa in jira ya kai ni, rana ta yi zafi, kada bawansa ya narke a hanya a ce shi ne. Na hau bayansa.

Makullin yana hannuna har yanzu. Na rubuta wa kwamiti takarda na bayyana abin da ya faru, na ce su yi abin da suka ga ya dace da kujerar, kuma a wannan karon ban sa "mai yiwuwa" ko ɗaya a ciki ba. Ba su zauna a kai ba tukuna, darakta ba shi da lafiya. Kafin su zauna, ina roƙon duk wanda ya halarci bikin nan, musamman waɗanda suka zauna kusa da teburin sakatare, idan ya ga na kauce a wani wuri, ko na sassauta wa kaina, ko na ɗora wa wani abin da bai faɗa ba, ya rubuto ko ya zo ya same ni a sito. Ina nan kullum daga safe zuwa la'asar, ban da Juma'a. Zan haɗa gyaran da takardar kafin ta isa gabansu.